Bazarar Da Na Sa Wa Kwamfuta Riga

Na kusa kashe kwamfutar ɗiyata da fatar akuya. Da ƙafata na kai ta aka ɗinka mata, kuma a lokacin ina ganin alheri na yi.

Zafin bana ne ya tuna mini. Kwana uku ke nan iska ta tsaya cak. Ganyen dogon yaron ƙofar gidana ko motsi ba ya yi, jakuna sun jeru a gindin katanga kowa ya sunkuyar da kai. Irin wannan zafi aka yi waccan shekara, sai dai ita ta haɗa da azumi. Ban riƙe ko shekara nawa ke nan ba. Na dai san mangwaron da na dasa a lokacin yanzu ana cin 'ya'yansa.

Sunana Labbo. Manomin albasa ne ni, a wani ƙauye gefen Kwargaba, ƙasar Wurno. Ban yi boko ba. Ina yaro na ga farin da ya kashe shanun ubana ɗaya bayan ɗaya. Na ga an gina dam a Goronyo, na ga ruwa ya biyo magudana cikin rani har tsofaffi suka tsaya kallo suna salati. Na binne 'ya'ya uku. Ba ni da yawan magana, kuma ban ga abin da rashinta ya rage mini ba, sai a wannan bazara.

Ɗiyar da nake faɗa ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata. Kunya biyu ke nan. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Ana yaye ta yayata Hassi ta ɗauke ta zuwa Rabah, can ta girma. Mutane suna ce mata Inno. Ni kuwa in dole ta sa, sai in ce Ta Rabah. Hassi ce ta sa ta makaranta, Hassi ce ta tsaya mata har ta kai babbar makarantar aikin gona a Sakkwato. Da aka ce karatun ba ya yiwuwa sai da kwamfuta, Hassi ta sayar da tumakinta ta saya mata ta hannu, irin wadda ake naɗewa a sa a jaka, laftof suke ce mata. Ni labari kawai na ji.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi sai ya yi wani bincike ya rubuta shi kamar littafi. Ita ta zaɓi ruɓar albasa a cikin rudu. Rudu shi ne ɗakin kara da muke ajiye albasa bayan an cire, a ɗaga ƙasansa bisa itace, a rufa samansa da ciyawa, iska tana ratsa shi ta ko'ina. Don haka ta dawo gida da sikeli da kwamfutarta, ta ce za ta yi wata uku tana auna albasar rudu uku: nawa, da na maƙwabcina Alu, da wani sabo da aka yi mata yadda malaminta ya zana. Sharaɗin ɗaya ne. Ta kai rubutun a satin da ke bin ƙaramar Sallah. In ta wuce, sai wata cirar albasa, shekara guda ta tafi a banza.

Tun da aka yaye ta ba ta taɓa yin wata guda a gidana ba sai lokacin. Da safe ta zo ta durƙusa.

"Baba, an kwana lahiya?"

"Lahiya."

Shi ke nan, sai gobe.

Amma ina ganinta. Ina ganin yadda take ɗauko kwamfutar da hannu biyu, ta goge ta da gefen mayafi, ta ajiye bisa tabarma. Baƙa ce, gefenta ɗaya ya tsage, an manna da salatif. Ba ta da jaka, cikin tsohon zane take naɗe ta. Abin ya tsaya mini a rai. Duk ilmin yarinyar nan yana ciki, kuma a tsirara yake. A Wurno ko ƙaramin littafi malami ba ya barinsa haka, sai ya sa an yi masa gafaka ta fata. Na ce a raina, Hassi ta sayi abu, ni zan yi masa sutura.

Wata Juma'a ta tafi Rabah gaida goggonta, ta bar kwamfutar a ɗaki. Na ɗauka na sa a buhu na hau babur sai Wurno, wurin Mamman Baduku. Tare aka yi mana kaciya da shi, don haka ba ya raga mini.

"Labbo, kai da ko sunanka ba ka iya karantawa, mi ya haɗa ka da wagga?"

"Riga za ka yi mata."

"Ta wa ta?"

"Ta Rabah."

Ya dube ni ya yi dariya har da buga cinya. "Ashe dutse ma shina zuhwa."

"Ɗinki na kawo, ba surutu ba."

Ya ɗauko jar fatar akuya mai laushi. Muka yi shawara a yi ta yadda za a buɗe kwamfutar a yi aiki ba sai an tuɓe ba, kamar bangon littafi. Ya bar ƙofofi a gefe inda ake cusa waya. Da ya juya ƙasanta sai muka ga wasu ƙananan tsage a jere, da wasu a gefen hagu.

"Waɗanga hwa?" in ji Mamman.

"Ana cusa wani abu nan?"

"Ban ga alama ba."

"To rufe su. Kiyashi na shiga shi yi gida."

Ni na faɗi haka. Har na ce ya shimfiɗa auduga a ƙasa tsakanin fata da kwamfuta, don in an ajiye da ƙarfi kada ta ji ciwo. Ya ɗinka, ya manna, ya yi mata ado da kore da baƙi a kusurwa. Kafin la'asar ta fito kamar amarya. Na mayar da ita inda na ɗauko ban ce wa kowa komai ba.

Washegari ta zo gaisuwa. Ta daɗe a durƙushe.

"Baba, na ga saƙo. Allah shi saka da alheri."

"To."

Maiɗakina ta gaya mini daga baya cewa yarinyar ta yi kuka, kuma duk macen da ta shigo gidan sai ta nuna mata ta ce babanta ne ya yi mata. Na ce wa maiɗakina ta kawo mini fura.

Bayan sati aka ga watan azumi.

Ba zan manta da wannan azumi ba. Tun hantsi ƙasa ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Ruwan dam ya ja baya, na magudana ya koma sai bi da bi, yau wannan gefe, jibi wancan. Gulbi ya tsinke ya zama tafkuna, shanun Fulani suna tsaye a ciki har gwiwa ba su son fita. Ina da ɗan tattasai da ya rage a fadama. Ana sallar asuba nake fita in ba shi ruwa da inji kafin rana ta ɗaga, in dawo leɓena ya tsage, miyau ya yi kauri kamar ƙaro. Randa ma ruwanta ɗumi yake yi. Mata suna jiƙa buhu su rufa mata don a samu na buɗa baki. Gero ya yi ƙasa a rumbu, kunu ya fara sirancewa, ba wanda ya ce komai.

Ita kuwa kowane kwana uku sai ta shiga rudu. Ni da Alu mu fito mata da albasa kwando kwando, ta auna, ta ware ruɓaɓɓu, ta ɗauki hotonsu da waya. Warin ruɓaɓɓiyar albasa da azumi a baki ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta taɓa yamutsa fuska ba. In mun gama sai ta zauna gindin dogon yaro, ta haɗa waya da kwamfuta da wata 'yar igiya, hotuna su ƙaura daga nan zuwa can, sannan ta hau rubutu. Ba mu da lantarki a lokacin. Wurin mai caji a bakin kasuwa ake kai ta, inda janareta ke aiki, a dawo da ita ta yi awa biyu ko uku.

Cikin satin farko na fara jin kuka. Kwamfutar tana huci kamar injin ban ruwa da ya shaƙi iska. Sai ta yi ta yi, can sai tsit. Fuskarta ta yi baƙi. Yarinyar ta zauna ta zuba mata ido, ta yi mata fifita da mafici, ta jira, ta sake kunnawa. Da farko sau ɗaya a yini. Daga baya ko rabin awa ba ta kaiwa.

Na tambayi maiɗakina, "Mi ad damun abin ga?"

"Ta ce zahin gari na."

Na yarda. Mu ma da muke da rai zafin yana kayar da mu.

Ta koma yi da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. Bai hana ba. Wata rana kwamfutar ta mutu da rubutun kwana biyu a ciki, da aka kunna babu shi. Na ga ta kifa kai bisa gwiwa, ta daɗe, sannan ta ɗauki waya ta fara rubutawa a can da manyan yatsu biyu. Haka ta koma yi. Ta rubuta a waya, in kwamfutar ta huce ta yi sauri ta tura ciki kafin ta sake mutuwa. Yatsanta na dama ya kumbura. Ta rame, idonta ya faɗa. Ranar goma ga azumi ta ce za ta Goronyo, ta tafi da kwamfutar, ta dawo da ita yadda ta tafi. Ban tambaya ba, ba ta faɗa ba.

Ranar ashirin malaminta ya kira. Ina gyaran igiyar jaki a kusa, ina jin bakinta. "To, Malam. In sha Allahu, Malam. Saura kaɗan."  Ko ni da ban san boko ba na san ba kaɗan ya rage ba.

Washegari ranar awo ce, kuma akwai motar albasa da za ta Goronyo. Ta shiga rudun Alu tun da safe. Ina shirin bin motar sai maiɗakina ta fito da kwamfutar a hannu ta miƙo mini.

"Malam, tahi da ita. Akwai mai gyara kusa da tasha, Aminu sunanshi."

"Ita ta ce?"

"Ni nac ce. Yarinyar ga na ƙarewa kana kallo."

Shekara talatin muna tare ba ta taɓa aikena ba. Na karɓa.

Shagon Aminu ɗan ƙarami ne, rufin kwano, ciki kamar tanda. Mutum ne mai kamar shekara talatin da biyar, da tabarau, gabansa tarin wayoyi da kwamfutoci a buɗe kamar an yi fiɗa. Na fito da ita daga buhu na ajiye. Ko taɓa ta bai yi ba.

"Ai wagga na san ta. Mai ita ta zaka da ita kwanan baya. Nac ce mata ta tuɓe rigar ga, ita ka kashe ta. Tac ce in nemi wata dabara, riga dai ba ta hita. Nac ce to ni ba ni da dabarar da ta wuce wannan, tat tashi tat tahi." Ya juya ta yana tsaki. "Dubi don Allah. Dut ƙohwar iska an toshe. Baba, wane marar tausai yaɗ ɗinka wanga abu?"

"Ni na."

Wani mai sayen caja da ke tsaye ya juya baya yana tari. Aminu ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ɗinkin dai ya yi kyau, Baba."

"Bar wannan. Nuna mani."

Ya kunna ta, ya jira ta fara huci, ya kama hannuna ya ɗora a gefen hagu bisa fatar. Zafi kamar murfin tukunya. Ya ce akwai fanka a ciki, tana jan iska ta ƙasa tana fitar da zafi ta nan. In an rufe, zafin ba shi da wurin zuwa, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Bai ƙarasa ba na gane. Shekarar da na fara noman kaina, hadari ya taso ina da albasa a tare, na rufe ta da leda na danne gefe da duwatsu, na bar ta kwana huɗu. Da na buɗe, sama lafiya, ciki ya zama ruwa. Ubana bai zage ni ba, ya ce kawai abin da ke numfashi ba a ɗaure masa baki. Shekara arba'in ina gina rudu don iska ta ratsa, sai ga shi na toshe wa wannan hanci da kuɗina.

Amma ba wannan ya fi ci mini rai ba. Kwana goma sha ɗaya ke nan ta san abin da ke kashe kwamfutarta. Tana zaune ƙofar gidana tana rubutu da kumburarren yatsa, shekararta tana zubewa, ta gwammace haka da ta tuɓe abin da na ba ta, ko ta buɗe baki ta ce Baba ka yi kuskure. Kuma ni na koya mata hakan. Ban taɓa buɗe mata ƙofar da magana za ta bi ba.

Aminu ya ce bari ya nemi reza ya ɓamɓare a hankali, ko za a iya amfani da fatar.

Na ce, "Bari."

Na zaro wuƙar da nake yanke ganyen albasa, na bi ɗinkin Mamman na farke shi tun daga wannan kusurwa har waccan.

Ya kwance ƙusoshi ya buɗe cikinta. Ban taɓa gani ba. Kamar gari ne ka hango daga kan tudu, da tituna da gidaje. Fankar ba ta fi murfin kwalba ba, audugata ta naɗe ta ta yi baƙi. Ya tsince, ya hure, ya goge wani wuri ya shafa masa farin mai. Ya ce tun da an buɗe gara a ƙara mata ƙarfi, ya ɗauko wani ɗan kore mai faɗin yatsa biyu, ram ya kira shi, ya cusa ya yi ƙas. Sannan ya kasa kunne ga wani ƙaramin akwatin ƙarfe a ciki, fuskarsa ta canza.

"Baba, ka ji wanga ƙara? Nan a rumbunta, dut aikin ɗiyarka nan shi ke. Zahi ya taɓa shi. Yau ko gobe shina iya tsayawa, in ya tsaya ba abin da ka hita."

"Mi za a yi?"

"A sa sabo, a kwashe kaya daga tsoho. In ya yarda."

"In bai yarda ba?"

Ya buɗe hannu.

Na ce a yi.

Ya haɗa tsoho da sabo. Wani kore ya fito a fuskar kwamfutar, siriri, yana tafiya daga hagu zuwa dama. Ya ce in ya kai ƙarshe an gama. Na zauna bisa benci na zuba masa ido. Na yi jiran ruwa a magudana, ka ga bakinsa yana rarrafe cikin busasshiyar ƙasa kana addu'a ya kai gonarka kafin a rufe. Haka wannan yake. Aka kira azahar, na je na dawo, bai kai rabi ba. Kwano yana ƙara don zafi. Harshena ya manne. Motar da ta kawo ni ta tafi. Wajen la'asar koren ya tsaya wuri ɗaya, akwatin yana ƙas, ƙas, ƙas.   Muka yi ta kallo har na fara ganin duhu duhu. Can ya danna wani abu ya ce wasu hotuna sun ƙi, za ya tsallake su. Koren ya motsa.

Da ya kai ƙarshe Aminu ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya buɗe ya ce in duba ko aikin ne. Rubutu ne jeri jeri, ban san ko ɗaya ba. Na ce ya nuna mini hotuna. Ga albasata, na san ta. Ga rudun Alu da karkataccen rufinsa. Ga sikeli. Sai ga wani tsoho ya juya baya yana ɗaura ciyawa bisa rudu, wuyan rigarsa a yage. Sai da na dubi hular na san ni ne.

"Ita ta," na ce. "Rufe."

Na samu ɗan acaɓa, muka iso rana tana ja. Yarinyar tana tsaye ƙofar gida, da ganin idonta ta sha kuka. Uwarta ta gaya mata inda na tafi. Na wuce ta na shiga, na zari kara daga danni, shingen gida, na yanka guda shida daidai, na gicciya biyu a ƙasa huɗu a sama na ɗaure da kaba. Na ajiye bisa tabarma, na ɗora kwamfutar a kai tsirararta, ƙasanta ba ya taɓa komai.

"Kunna."

Ta kunna. Kwamfutar ta tashi da sauri fiye da da, kuma shiru, sai ɗan sanyin iska a gefe. Ta buɗe aikinta ta yi ta dubawa, ta kai ƙasa ta dawo sama. Sannan ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Baba, ina rigar?"

"Na yanke."



Na tsuguna. Ban taɓa tsugunawa kusa da ita haka ba. Na ce, "Ta Rabah, ji nan. Abu in shina cutarki ki hwaɗi. Ko ni na kawo shi. Kin jiya?"

"Na jiya, Baba."

"Ba a yin kunya da shekara guda."

Aka kira magariba. Uwarta ta kawo kunu da ruwan randa. Ranar a tabarma ɗaya muka sha ruwa. Da yarinyar ta shiga ciki na dubi maiɗakina na ce, "Ke ma kin sani."

"Tun ranar da ta dawo Goronyo."

"Mi ya hana ki hwaɗi?"

"Da na hwaɗi ka ji? Gara ka ji bakin wanda bai san ka ba."

Gaskiya ta faɗa.

Kwana tara suka rage ga Sallah. Yarinyar ta yi su kamar mai cirar albasa ana hadari. Ni nake kai kwamfutar caji da safe in na dawo fadama, in koma in ɗauko, in sake kaiwa bayan azahar. Mai cajin har ya fara ce mini ɗan makaranta. Hotunan da suka ɓata ta sake ɗaukar waɗanda za su ɗauku, sauran ashe suna nan cikin waya. Duk abin da ta rubuta sai ta zuba shi wuri uku, a kwamfuta, a waya, da wani ɗan abu kamar ƙwayar dabino da Aminu ya ba ni in kawo mata, filas. Ana jajibiri iska ta juyo daga gabas da ƙanshin ƙasa, aka yi yayyafi na farko, bai ko jiƙa tabarma ba amma kowa ya fito tsakar gida. Kwana uku bayan Sallah ta hau mota zuwa Sakkwato. Ta kai a kan lokaci. Ta ci.

Da ta dawo na tambayi abin da awon ya nuna. Na ɗauka ruduna ne zai zo na ɗaya. Ta dubi ƙasa, sannan ta ɗago.

"Baba, naka ya hi ruɓa. Ƙasanshi ya yi kusa da ƙasa. Na Baba Alu ya hi shi kyau."

Na Alu, mai karkataccen rufi. Har yau yana yi mini gori a masallaci. Na ƙara wa nawa tsawon kamu biyu, ruɓa ta ragu.

Yanzu abubuwa sun canza. Akwai sola bisa rufin ɗakina, ba a kai komai caji. Ita tana aikin koyar da manoman rani, yau tana Rabah gobe Giyawa. Ta sayi wata kwamfutar siririya, ba ta kai faranti nauyi ba, ta kwashe kayanta cikin ɗan lokaci muna hira, ta bar mini tsohuwar. An canza mata batir sau biyu, an canza madannai. Ta zuba mini hotunan cututtukan albasa da bidiyon yadda ake gyaran inji, ta nuna mini inda zan danna. In ganye ya yi wani iri sai in tsinko in zo in gwada da hoto. Ba kullum nake dacewa ba.

Satin da ya wuce ta zo da wasu manoma su goma a gonata. Ta tsuguna ta ɗebi ƙasa ta murza, ta ce a gabansu, "Baba, takin ga ya yi yawa, ƙona saiwa za shi yi." Wasu suka sunkuyar da kai don kunya. Na ce mata nawa zan rage. Ta faɗa. Na rage.

Ina nan gefen Kwargaba. Gwiwa ɗaya ta ƙi ni, fadama sai da sanda. Rudu uku cike suke, tattasai ya fara ja, ina jiran ruwa.